Ɗinke Ɓarakarka da Hannunka

Ya kai mai karatu, idan wata rana hanya ta bi da kai kasuwar Mile 12 da sassafe, ina roƙonka ka ɗan dakata ka buɗe ido. Abin da zai fara jan hankalinka shi ne manyan motocin da suka kwana a hanya daga Arewa, ɗauke da tumatir da attaruhu da tattasai da albasa. Za ka ji Hausa da Yarbanci da Turancin buroka sun cakuɗe, har ka rasa wanda za ka saurara. To, bar kallon motocin nan, ka dubi gefen tarin albasa. Za ka ga wani mutum a tsugune, basilla a hannunsa, yana ɗinke bakin buhu. Kusa da shi wani yana yi wa tsohon buhu faci domin a sake zuba masa kaya. Ɗan dakon da ya gifta ta gabanka kuwa, gammon da ke kansa tsohon zane ne aka naɗe. Kana nan tsaye sai ka ji ƙarar almakashi daga nesa. Tela ne mai yawo da keken ɗinki a kafaɗa, yana sanar da jama'a cewa ya iso.

Kasuwar nan tana ciyar da miliyoyin mutanen Legas. Amma da za a kwashe allura da basilla daga cikinta na mako guda, da ka ga yadda albasa za ta watse a titin Ikorodu. Shi ya sa masu iya magana suka ce komai ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.

Ra'ayin da nake so in kare a gabanka shi ne wannan: bai kamata ɗalibi, namiji ko mace, ya bar makarantar sakandare bai iya riƙe allura ba. Ya kamata ya iya ɗinke abin da ya yage a jikinsa, ya kuma iya mayar da tsohon ƙyalle ya zama abin amfani. Na san akwai waɗanda ba za su yarda da ni ba, kuma zan kawo hujjojinsu in amsa. Amma bari in fara gaya maka abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kwana uku saboda taƙi ɗaya

Ni malamin Hausa ne a wata makaranta kusa da Agege. A wani zangon karatu ina da ɗalibi, Bayarabe ne, yana cikin waɗanda suka fi kowa ƙoƙari a ajina. Ana cikin makon gwaji sai na neme shi na rasa, har kwana uku. Ranar na huɗu na je cefane, sai ga shi yana taya mahaifiyarsa sayar da barkono.

Na ce, "Ɗana, lafiya kwana uku ban gan ka ba?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, wandon makarantata ne ya farke ta baya, kuma shi kaɗai gare ni. Mama ta ce in jira ta tara kuɗin sabo."

Na tambaye shi abin da ya hana a ɗinke. Ya ce babu allura a gidansu, kuma ko da an ɗinke, yana jin kunyar abokansa su gane. Washegari na sa ya kawo mini wandon a leda. Da na duba, sai na ga ashe yadin lafiyarsa lau. Zaren ɗinkin ne kawai ya tsinke, kuma tsawon wurin bai wuce taƙi ɗaya ba. A ɗakin malamai na zauna na ɗinke shi yana kallo. Ba mu yi minti goma ba.

Ban ga laifin yaron ba, ban kuma ga laifin mahaifiyarsa ba. Namu na gani, mu malamai. Mun koya masa sunayen koguna da duwatsun ƙasashen da wataƙila ba zai taɓa zuwa ba, amma ba mu koya masa abin da zai hana shi rasa gwaji saboda tsinkewar zare ba.

Lissafin aljihu

Hujjata ta farko ta kuɗi ce, domin ita ce kowane gida ya sani. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya. Bayan 'yan makonni darajar naira ta faɗi ƙwarai a gaban dala. A shekarar 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Ba sai ka karanta jarida za ka gane ma'anar wannan ba. Tambayi mahaifiyarka nawa take sayen yadi ɗaya kafin 2023, nawa kuma take saye yanzu.

Me ya sa tsadar dala take taɓa rigar da ke jikinka? Dalili shi ne yawancin yadin da muke sawa daga waje ake shigo da shi. Da can ba haka abin yake ba. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da nan Legas, dubban mutane suna cin abinci a cikinsu. Daga baya rashin wutar lantarki da shigowar kaya masu araha daga waje suka durƙusar da akasarinsu. Yau idan ka shiga Kantin Kwari a Kano, ko kasuwar Balogun a tsibirin Legas, mafi yawan atamfa da shadda da leshin da za ka gani jirgin ruwa ne ya kawo su. Duk lokacin da dala ta tashi, sai su bi ta.

To, ɗalibi ba shi da ikon sauko da dala. Amma yana da ikon tsawaita ran rigarsa. Ka lura da kyau, tufafi ba sa mutuwa gaba ɗaya. Riga takan fara lalacewa ne a wurare sanannu: maɓalli ya faɗi, hammata ta farke, bakin aljihu ya ɓalle. Wando kuwa, kalmasar ƙafarsa ce ke warwarewa, ko zif ya ƙi aiki, ko gwiwa ta huje. A duk waɗannan, sauran yadin yana nan da ƙarfinsa. Wanda ya jefar da riga saboda hammata ta farke, kamar wanda ya rushe ɗaki ne don ƙofa ta ɓalle. Idan kayan makarantarka sun yi maka shekara biyu maimakon ɗaya, ka rage wa iyayenka rabin wannan nauyi. Kuɗin da ya ragu zai sayi littafi, ko ya biya kuɗin mota.

Akwai kuma asarar da ba ta kuɗi ba. Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela a daren Sallah ko daren Kirsimeti ya san abin da nake nufi. Jama'a sun yi cincirindo, tela bai runtsa ba kwana biyu, kowa yana cewa nasa za a fara yi. A cikin masu jiran nan za ka taras da wanda an gama masa ɗinki, maɓalli kawai ya rage, ko kalmasa. Da ya iya, da tuni ya karɓi kayansa ya tafi gida ya ƙarasa. Zuwa da kai, in ji Hausawa, ya fi aike.

Gadon da muka tarar

Hujjata ta biyu ta tarihi ce. Abin da nake kiranka gare shi ba baƙon abu ba ne da aka aro daga wata ƙasa. Lokacin da Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya shiga Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafin da mutanen ƙasar suke saƙawa, su rina, su ɗinka. Ya rubuta cewa ana kai su har Timbuktu da Tarabulus. Ba a manyan masana'antu ake yin wannan aiki ba. A gidaje da zauruka ake yinsa: mata suna kaɗi, maza suna saƙa, marina suna turawa da baba. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta tun 1498, tana nan a Kano har yau.

Birnin Zariya ya yi suna wajen aikin babbar riga da hannu. Zanen da ake kira aska biyu da aska takwas, da allura da zare ake fitar da su, kuma riga ɗaya takan ɗauki makonni ko watanni. Kakana yana cikin masu wannan aiki. Ina tuna shi zaune a zaure a kan buzu, riga a cinyarsa, yana ɗinki yana sauraron karatun almajirai. A wurinsa na koyi zura zare a kafar allura. Haka kuma hulunan da kake gani a kan 'yan kasuwar Mile 12, irin su zanna bukar, da yawansu ɗinkin hannu ne, ɗigo bayan ɗigo. Sakkwato kuwa ta shahara da jima da dukanci, wato gyaran fata da ɗinka ta ta zama jaka ko takalmi ko titimi.

Hausawan da suka zauna a Zangon Agege saboda cinikin goro, musamman bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911, ba su bar wannan gado a gida ba. Sun zo da shi. Shi ya sa har yau za ka ga mai ɗinkin hula a bakin masallaci, da mai gyaran takalmi yana ƙwanƙwasa akwatinsa a layinku.

Kai ma da kake koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, duba gidanku. Idan Bayarabe ne kai, ai ka san aso-oke na Iseyin da adire na Abeokuta. Idan daga ƙasar Ibo kake, ka ji labarin saƙar matan Akwete. Babu al'ummar da ke ƙasar nan da ba ta da tarihin tufatar da kanta. Abin tambaya shi ne, yaya aka yi jikokin waɗannan mutane suka kasa ɗinka maɓalli?

Daga ina za a fara?

Kada ka ce sai ka sayi keken ɗinki. Nemi gwangwani mai murfi ka zuba waɗannan a ciki: allura biyu ko uku, zare fari da baƙi da mai launin kayan makarantarku, ƙaramin almakashi, tef ɗin awo, da guntun alli. Duk rigar da ta mutu murus, ciro maɓallanta ka adana kafin a mayar da ita tsumma. Kayan aikin ke nan gaba ɗaya, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin sabuwar riga ɗaya ba.

Abu huɗu za ka fara koya. Na farko, ɗinka maɓalli. Ninka zaren biyu ka ƙulle bakinsa, ka soko allura daga cikin rigar. Ka ratsa ramukan maɓallin sau biyar ko shida, sannan ka naɗa zaren a ƙarƙashinsa sau uku, ka koma ciki ka ƙulle. Na biyu, ɗinke inda ya farke. Juya rigar ciki ya dawo waje, ka haɗa bakin biyu daidai. Duk sukar da za ka yi, ka koma baya ka fara daga inda ta farko ta ƙare. Irin wannan ɗinki yana da ƙarfi kusan kamar na keke. Na uku, faci. Yanko ƙyallen da ya fi ramin girma da kamar santimita 2 ta kowane gefe, ka lanƙwasa bakinsa don kada ya zare. Idan sabon ƙyalle ne, wanke shi tukuna, domin wani yadin yana tsukewa in ya sha ruwa. Na huɗu, kalmasa. Ninka bakin yadin sau biyu, ka danne da dutsen guga, sannan ka bi da ƙananan suka.

Ɗinkinka na farko zai karkace, allura kuma za ta soke ka. Kowa haka ya fara. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Idan hannunka ya faɗa, sai ka wuce gyara ka shiga ƙirƙira. Fara da jakar cefane. Rabin yadi mai kauri ya isa, ko kuwa tsohon wandon jins. Abin kula shi ne hannun jakar, domin nan nauyi yake taruwa. Ɗinka shi sau biyu, ka gicciya zaren a inda ya haɗu da jikin jakar. Wannan jaka tana da amfani fiye da yadda kake zato. A watan Janairu na 2024 gwamnatin Jihar Legas ta haramta fararen mazuban abincin nan da ake yarwa bayan amfani ɗaya, kuma daga Yulin 2025 haramcin ya haɗa da siraran ledoji. Ka san dalili, domin ka ga yadda leda take toshe magudanan ruwa da damina, ruwa ya shiga gidaje. Ita kanta kasuwar Mile 12 an taɓa rufe ta na 'yan kwanaki a Oktoban 2023 saboda tarin shara. Jakar yadi guda ɗaya za ta yi aikin ɗaruruwan ledoji.

Sai adon ɗaki. Je shagon telan unguwarku da yamma, ka gaishe shi cikin ladabi, ka roƙi guntayen atamfar da yake sharewa. Yawancin teloli za su ba ka da murna, domin shara ka rage musu. Yanka guntayen gida-gida, kowane gida santimita 12 tsawo da faɗi, har guda 16. Jera su huɗu-huɗu ka haɗa, kana barin santimita 1 a kowane gefe domin ɗinki. Za ka sami fuskar matashin kujera mai santimita 40, wanda babu irinsa a kowane kanti. Tsohon zanin gado yakan zama labulen taga. Buhun algarara, idan aka wanke shi aka tsattsarga masa guntayen ƙyalle, yakan zama abin goge ƙafa na bakin ƙofa. Ke kuma ɗaliba, ragowar yadin da tela ya dawo da shi bayan ɗinkin Sallah zai ba ki ɗankwali, ko ribom, ko 'yar jakar fensir. Wadda ta koyi saƙar kwarashi kuwa, da ulu kaɗan za ta yi wa jaririn maƙwabta hula da safa, ta huta da sayen kyautar suna.

Masu ja da wannan ra'ayi

Yanzu bari mu saurari waɗanda ba su yarda ba, domin ba daidai ba ne mutum ya yi shari'a shi kaɗai.

Na farko zai ce, "Malam, ina amfanin wannan wahala, ga gwanjo? In na je Katangowa a Abule-Egba, ko Yaba, ko Aswani ranar Talata, zan sami riga da araha." Gaskiya ne gwanjo ya rufa wa talaka asiri, kuma ni ma ina saye. Amma ka tuna shi ma daga waje dilolinsa suke zuwa, don haka shi ma dala yake bi. Ban da haka, ba don jikinka aka ɗinka kayan gwanjo ba. Wannan ya yi yawa, wancan ya yi tsawo, wani babu maɓalli. Wanda ya iya allura shi ya fi kowa cin ribar gwanjo, domin zai ɗauki rigar da kowa ya ƙi saboda ƙaramin aibi, ya taya ta da araha, ya je gida ya gyara. Akwai kuma abin da ya kamata mu yi tunani a kai. A kasuwar Kantamanto da ke Accra a Ghana, wadda tana cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya, kaya da yawa ba sa sayuwa, sai su ƙare a juji da bakin teku. Idan muka saba da saye da yarwa, haka tamu gaɓar za ta koma.

Na biyu zai ce, "Ba ni da lokaci. Ga WAEC, ga NECO, ga JAMB." Na yarda karatu shi ne gaba. Amma ka faɗi gaskiya tsakaninka da Allah, minti nawa ka yi jiya kana latsa waya? Rabin sa'a a mako ya isa. Kuma ɗinki ba kishiyar karatu ba ne. Mai awo da yanka yana aiki da lissafi, yana kuma koyon haƙuri da natsuwa, waɗanda ɗakin jarrabawa yake buƙata. Ko a wannan darasi kaɗai, dubi kalmomin Hausa nawa allura ta jawo maka.

Na uku zai ce, "Wannan aikin mata ne," ko kuwa, "Faci alamar talauci ne." Ga maganar farko, na riga na gaya maka cewa a ƙasar Hausa maza ne suka fi yin aikin babbar riga, kuma yawancin telolin da ke yawo a titunan Legas maza ne. Sojan da ke daji ma da kansa yake ɗinke kakinsa. Allura ba ta tambayar ko hannun wa ya riƙe ta. Ga magana ta biyu kuwa, ana ba da labarin cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, duk da matsayinsa, yakan tufka igiya da hannunsa don ya ci guminsa. Idan irin wannan mutum bai ji kunyar aikin hannu ba, mu wane ne? Abin kunya shi ne a ci bashi don a burge mutane. Kayan aro, an ce, ba ya rufe katara. Riga mai tsabta da faci mai kyau tana nuna cewa mai ita yana da tattali.

Na huɗu shi ne ya fi ba ni tunani. Zai ce, "Idan kowa ya iya ɗinki, me telan da ke yawo da keke a kafaɗa zai ci?" Wannan tambaya ce mai nauyi, domin mutumin nan da wannan ƙaramin kuɗi yake ciyar da iyalinsa a ƙauye. Ba zan ɓoye maka ba, zai rasa wani ɓangare na ƙananan ayyuka. Amma aikin da ya fi kawo masa kuɗi yana nan: canza zif, rage faɗin wando, ɗinkin da sai da keke. Ballantana yanka kaftani ko doguwar riga, wanda sai an yi shekaru a gaban maigida ana koyo. Ina ma gargaɗinka, kada don ka iya maɓalli ka ɗauki almakashi ka hau shaddar mahaifinka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Abin da na lura da shi kuma shi ne, wanda ya taɓa shan sukar allura ya fi girmama tela. Ya san wahalar aikin, don haka ba ya taya shi tayin wulaƙanci. Kuma daga cikin masu koyon ɗinkin hannu yau ne za a sami manyan telolin gobe.

Kira ga makaranta da gida

Tun a 2011 aka shigar da darussan sana'a cikin manhajar babbar sakandare a Najeriya, a wancan lokacin har da ɗinkin tufafi da rini da aikin fata. Niyya ce mai kyau. Sai dai a makarantu da yawa a allo ake koyar da su, ɗalibi ya haddace sassan keken ɗinki bai taɓa taka shi ba. Uzurin da ake bayarwa shi ne babu kayan aiki. To, ɗinkin hannu ba ya buƙatar wutar lantarki ko ɗakin gwaji. Ina kira ga shugabannin makarantu su ware sa'a ɗaya a mako, kowane ɗalibi ya zo da allurarsa da abin da ya yage a gidansu. A gayyato telan unguwa ko mai ɗinkin hula ya koyar, a biya shi haƙƙinsa. Iyaye kuma, idan za ku koya wa 'ya mace, ku zaunar da ɗan'uwanta a gefenta. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗalibin nan nawa ya gama makaranta. Kafin ya tafi, shi ne mai ɗinke jakunkunan 'yan ajinsu idan hannu ya tsinke. Ranar da na koma sayen barkono, mahaifiyarsa ta nuna mini jakar da take ɗaurawa a ƙugu tana zuba ciniki. Ta ce shi ya ɗinka mata da tsohon wandon nan na makaranta, bayan ya yi masa kaɗan.

Hausawa sukan ce a ɗinke ɓaraka idan ana son a gyara tsakanin mutane, ko a toshe wata kafa kafin ta yi girma. Daga allura aka samo wannan magana, domin kowa ya san yagewar da aka ƙyale ƙaruwa take yi. Saboda haka, yau idan ka koma gida, buɗe akwatinka. Na tabbata akwai riga ɗaya da ka daina sawa saboda maɓalli ko hammata. Fito da ita, ka nemi allura, ka fara da ita.

Ma'anar wasu kalmomi

Basilla: babbar allura ta ɗinkin buhu ko fata.
Gammo: ƙyalle da ake naɗewa a ɗora a ka kafin a ɗauki kaya.
Taƙi: tsawon da ke tsakanin babban yatsa da na tsakiya idan an buɗe hannu.
Kalmasa: ninke bakin yadi a ɗinke don kada ya zare.
Kaɗi: mayar da auduga zare.
Gwanjo: tufafin da wani ya riga ya yi amfani da su, ake sake sayarwa.
Algarara: buhu mai kaushi da ake zuba albasa ko gyaɗa.
Tattali: kula da abu da kyau don ya daɗe.

Tambayoyi

1. Waɗanne masu aiki da allura marubucin ya nuna mana a kasuwar Mile 12?
2. Me ya hana ɗalibin zuwa makaranta, kuma laifin wa marubucin ya gani?
3. Bayyana dangantakar da ke tsakanin tashin dala da tsadar tufafi.
4. Kawo hujjoji huɗu na masu ja da ra'ayin marubucin. Wacce ce ta fi ƙarfi a ganinka, kuma don me?
5. Fito da karin magana uku daga cikin wannan rubutu, ka bayyana ma'anar kowanne.

Aikin yi

Gyara wani abu da ya yage a gidanku, sannan ka rubuta jimloli goma da Hausa kana bayyana yadda ka yi, mataki bayan mataki.